Kashi na 23: Kwalin da Kawu ya bar mini

Na san an kwana biyu ba ku ji ni ba. Waɗanda suka yi ta aiko da saƙon ta'aziyya, na gode, Allah Ya bar zumunci. Yau babu baƙo, ni kaɗai ne. Maganar Kawuna zan yi, yayan mahaifiyata, wanda yau kwana arba'in ke nan da rasuwarsa.

Kawu ɗan jarida ne tun zamanin tafireta. Ya fara aiki a Kaduna ana dab da juyin mulkin ƙarshen 1983. Bai jima ba sai ga Doka ta 4 ta 1984, wadda da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda. A 1986 kuma aka kashe Dele Giwa a Legas da bam da aka aika masa cikin ƙunshin saƙo. Umma ta ce ranar kakarmu har kuka ta yi, tana roƙonsa ya koma koyarwa. Bai koma ba.

To, bari in ba ku labarin da ban taɓa bayarwa a nan ba, don kunyarsa nake ji.

A 2018 ina jami'a, an sa hannu a dokar rage shekarun tsayawa takara, mu matasa kanmu ya yi girma. Sai na rubuta a Facebook cewa hedimastan wata firamare a unguwarmu ya cinye kuɗin gyaran ajujuwa. Kafin magariba magana ta zaga gari. Bayan isha'i sai ga kiran Kawu.

Ya ce, "Ɗan gwagwarmaya, wa ya faɗa maka?"

Na ce, "Kawu, ai kowa ya sani."

Ya ce, "Kowa ba sunan mutum ba ne. Shi mutumin, ka je ka tambaye shi?"

Washegari ya goya ni a tsohon babur ɗinsa har makarantar. Hedimastan bai yi mini faɗa ba. Fayil kawai ya jawo, ya nuna mana wasiƙun da ya yi ta rubutawa yana neman kuɗin. Ashe ko sisi ba su iso hannunsa ba. Da za mu fito ya ce 'yarsa ta ƙi zuwa islamiyya, wai yara suna ce mata 'yar ɓarawo. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na rubuta neman afuwa, amma 'yan kaɗan ne suka yaɗa shi. Ranar na gane me ake nufi da magana zarar bunu ce.

Duk da haka ban gama hankali ba. Bara muna gardama na ce masa su 'yan jaridar da matsorata ne, shi ya sa ƙasa ta lalace. Dariya kawai ya yi, ya ƙara mini shayi. Mutumin da in an miƙo ambulan ɗin "kuɗin mota" bayan taron manema labarai yake turawa gefe, har ya rasu a gidan haya, shi na kira matsoraci. Na yi ta cewa zan je in ba shi haƙuri. Ban je ba.

Bayan addu'ar uku matarsa ta miƙo mini wani kwali, ta ce ya ce ni za a ba. Littattafan rubutunsa ne, kowane labari da kwanan wata, da wanda ya faɗa, da wanda ya tabbatar. Na ƙarshe a kan rijiyoyin burtsatse ne da takarda ta nuna an gina a wata ƙaramar hukuma, ya je da ƙafarsa bai gan su ba. A ciki akwai wasiƙar neman bayani a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Ciwo ya kwantar da shi kafin ya kai ta.

Ranar Litinin in Allah Ya kai mu zan kai ta, da sunana a ƙasa. Kada ku tambaye ni wace ƙaramar hukuma ce. Ba zan kama suna ba sai na ji daga bakinsu.

Duk wanda ya ji wannan, don Allah ya sa Kawu a addu'a. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Sai mun haɗu mako mai zuwa.