LACCA: SAYEN JIRGIN YAƘI DA CIYAR DA SHI

Na san akwai waɗanda suka rufe rumfa suka zo, saboda haka ba zan tsawaita ba.

Maganarmu yau ta jiragen yaƙi ce, waɗanda a ke saye da kuɗin ƙasa. Kada wani ya ce ina ruwan mai awon gero da jirgin sama. Da ruwanka, Malam, gama baitulmali ɗaya ne a ke ɗebo kuɗin jirgi da kuɗin maganin asibitin garinku. Kada kuma a ce muna ƙyashin soja su sami kayan aiki. Wanda ɓarayin daji suka tare a hanyar cin kasuwa ya fi kowa son soja ya yi ƙarfi.

To, duk wanda ya taɓa ɗaure doki a gidansa ya sani ba ran da ya sallami dillali ya gama biya ba. Ran nan ma ya fara. Ga dawa, ga harawa, ga kanwa, ga yaron barga, in ya kwanta ciwo kuma ga mai magani. Jirgin yaƙi haka ya ke, sai dai shi abincinsa ba a noma shi a nan. Kayan gyaransa, da bama-bamansa, da horon matuƙa da makanikai, duka daga wajen wanda ya ƙera shi su ke fitowa, da dala, bisa farashin da ya ga dama ya yanka. Ku 'yan kasuwa kun san halin mai kaya in ya tabbata ba ka da wani wurin zuwa.

Ga misali. A 1984 Nijeriya ta fara karɓar jirage 18 daga Ingila, masu suna Jaguar, aka kai su Makurɗi. Kuɗin man fetur ya faɗi a 1986, naira ta bi shi, kuɗin gyara ya gagara. A 1991 aka ajiye su. Ba abokin gaba ne ya harbo su ba, jama'a, rashin ciyarwa ne ya kwantar da su, ba su ko cika shekara goma suna tashi ba. Kuɗin sayensu kuwa an riga an biya.

Ko kayan bai lalace ba, tsufa ya kan kama shi, na'urorinsa su zama na jiya. Babban jirgin ruwan nan namu, Aradu, wanda aka ƙera a Jamus ya fara aiki a 1982, ya yi shekaru a ɗaure a gaɓa, har a 2023 aka ba wani kamfanin Turkiyya kwangilar sabunta shi.

Ba mu kaɗai ba ne. Amurka da duk arzikinta, masu binciken kuɗinta sun lissafa a 2024 cewa jirginsu F-35 zai ci fiye da dala tiriliyan 2 duk tsawon rayuwarsa, amma wajen tiriliyan 1.6 na ciki kuɗin riƙo ne da gyara. Watau in ka kasa kuɗin kashi huɗu, fiye da uku na ciyarwa ne.

Yanzu ku dubi na kusa. A 2018 aka ɗebi dala miliyan 496 daga asusun rarar mai aka biya Amurka domin jirage 12 masu suna Super Tucano, suka iso a 2021, aka zaunar da su a Kainji. A gaskiya cinikin ya haɗa da horo da kayan gyara na wani lokaci. Amma na wani lokaci ne fa. Sa'ad da aka biya, dala ɗaya wajen naira 305 ce a farashin gwamnati. A 2024 ta haura naira 1,500. Ƙusar da a ke saye da dala ɗaya ba ta sake ba, amma nairar da za a ba da ta ninka kusan sau biyar.

Saboda haka in wakilinku na Majalisa ya zo gida yana ba ku labarin sabon jirgin da aka sayo, ku yi masa barka, sa'an nan ku tambaye shi: nawa zai riƙa ci kowace shekara, har shekara nawa, kuma wa ya ga lissafin kafin a sa hannu? In ya ce asirin tsaro ne, ku ce ba inda jirgin zai kai hari ku ke tambaya ba, kuɗin ku ke tambaya. Ku rubuta amsarsa, ku ajiye takardar har ran da zai dawo neman ƙuri'a.