Darduma Ɗaya Ta Isa: Peter Brook Da Ƙungiyarmu Ta Wasan Kwaikwayo

 

Da Sakatare ya aiko mini da takarda cewa in zo in yi jawabi, sai na tambaye shi labarin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantar nan. Ya ce ai ta daɗe da mutuwa, tun shekarar da iska ta yaye rufin ɗakin taro, ana jira sai an gama gyara a farfaɗo da ita. Wannan amsa ta tsaya mini a rai, domin ni kam wannan ƙungiya ce ta buɗe mini baki. Na shigo aji ɗaya ko gaisuwa ba na iya yi sai muryata na rawa, har malaminmu na Hausa, Allah Ya jiƙansa, ya tilasta mini fitowa a matsayin maroƙi a wani wasa. Daga ranar ban sake jin tsoron taro ba. Shi ya sa na zaɓi in ba ku labarin wani Bature da ya sami gidajen wasa irin na alfarma, ya bar su, ya ɗauki darduma ya shigo ƙasashenmu.

Sunansa Peter Brook. An haife shi a Landan a 1925, iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga ƙasar Latbiya. Sana'arsa darakta, wato mai tsara wasa da ba 'yan wasa umarni. A 1946, yana ɗan shekara 21, aka ba shi wasan Shakespeare ya shirya a Stratford, mahaifar shi Shakespeare ɗin. Kafin ya kai shekara arba'in, manyan 'yan wasan Ingila irin su Laurence Olivier da Paul Scofield duk sun yi aiki a ƙarƙashinsa.

To amma duk da wannan ɗaukaka bai gamsu ba. A 1968 ya fitar da littafi mai suna The Empty Space, wato fili wayam, inda ya soki abin da yake gani mataccen wasa ne: ga gini, ga labule, ga tufafi masu tsada, amma ba rai, 'yan kallo na gyangyaɗi suna tafi don kada a ce ba su waye ba. A ganinsa abin da ba a yin wasa sai da shi bai wuce uku ba, mai yi, mai kallo, da wurin da za su haɗu. A 1970 ya gwada haka da wani wasan Shakespeare wanda labarinsa ya faru a daji. Bai kafa ko itace ɗaya ba. Farin bango kawai ya yi ta gefe uku, 'yan wasa na shawagi a kan lilo, ya bar wa mai kallo ya gina dajin a zuciyarsa. Wasan ya yi suna ƙwarai.

A wannan shekarar, lokacin da kowa ke tsammanin zai zauna ya ci gajiyar sunansa, sai ya tattara ya koma Paris ya kafa cibiyar bincike kan wasan kwaikwayo, ya tara 'yan wasa daga ƙasashe dabam-dabam, har da Japan da Mali da Amurka. Tambayarsa ita ce, in mai wasa da mai kallo ba su jin harshen juna, me zai rage a tsakaninsu?

Neman amsar ne ya kawo su Afirka a watan Disamba na 1972. Sun yi kimanin wata uku a motoci, suka ratsa Aljeriya, Nijar, Nijeriya, Dahomey wadda yanzu ake kira Binin, da Mali. Duk kasuwa ko ƙauyen da suka sauka, sai su nemi izini, su shimfiɗa darduma, ita ce dandamalinsu. A kasuwar In Salah ta Aljeriya, ɗaya daga cikinsu ya ajiye takalmansa a tsakiyar darduma, suka ƙirƙiro wasa nan take a kan takalman, jama'a na dariya. A Agadas kuwa sun haɗu da wasu Fulani makiyaya, suka yi ta rera musu waƙoƙi, Fulanin ko kallo ba su ishe su ba, suna ta duba madubinsu. Sai da baƙin suka daina burga, suka haɗa murya a kan sauti ɗaya tak suka ja shi, sannan Fulanin suka ɗago kai suka amsa da tasu waƙar.

Bayan ya koma, a 1974 ya karɓi wani tsohon gidan wasa a Paris mai suna Bouffes du Nord, wanda aka yi watsi da shi har ya lalace, ya ƙi yarda a goge tabon da ke jikin bangonsa. Nan ya yi fiye da shekara 30 yana aiki. A 1985 ya shirya Mahabharata, babban labarin nan na Indiya, wasan awa 9, a wani tsohon wurin fasa dutse kusa da Avignon. A 2004 ya shirya wasa a kan Tierno Bokar, malamin nan na Bandiagara a Mali, daga littafin almajirinsa Amadou Hampâté Bâ, Sotigui Kouyaté ya fito a matsayin malamin. Brook ya rasu a Paris a 2022 yana da shekara 97.

Jama'a, ban zo in wanke shi tas ba. Wasu masana na Indiya sun zarge shi da ɗaukar abin da yake na addininsu ya sarrafa shi don Turawa, kuma ana iya yin irin wannan tambaya a kan tafiyarsa ta Afirka: shi ya tafi da ilmi, mutanen ƙauyukan fa me aka bar musu? Haka kuma da kuɗin manyan gidauniyoyi ya yi tafiyar. Sannan kada mu manta, abin da ya keto sahara yana nema, mu da shi muka tashi. Yaran da ke tashe da azumi, wa ya gina musu dandamali? Auduga ce gemunsu, tsumma ne tumbinsu, ƙofar gida ce filinsu. 'Yan kama da 'yan gambara ma haka.

Abin da na ɗauka daga gare shi guda ne. Ya rage kaya, amma bai rage aiki ba. Mutanensa kullum cikin horo suke, na jiki da na murya da na sauraron juna. Ashe ba rufin kwano ne ya kashe ƙungiyarmu ba, rashin mai tsayawa a kanta ne. Yaron da ya shigo aji ɗaya a shekarar da rufin ya yaye, wataƙila har ya fita ba a taɓa tsayar da shi gaban mutane ya yi magana ba. Gyaran gini zai iya jira, shekarun yaro ba sa jira. Da hanau gara mannau.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙon abu uku. A ci gaba da tara kuɗin gyaran ɗakin taro, amma a ware ɗan abin da za a riƙa ba malami ɗaya da zai riƙe ƙungiyar kowace Asabar da yamma. Na biyu, waɗanda suka yi wasa a zamaninmu kuma suna garin nan, su riƙa leƙowa bi da bi suna taimaka masa. Na uku, a taronmu na baɗi, ɗalibai su nuna mana wasa a gindin bishiyar da ke gaban ofishin Shugaban Makaranta, ko Uwar Gulma ko Jatau Na Kyallu, ko ma wanda suka ƙirƙira da kansu. Darduma kuwa ni na ɗauki nauyinta, tana cikin motata yanzu haka.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, Ya albarkaci na raye, Ya maimaita mana.