Kafin ku shimfiɗa kafet, ku fara duba ƙasan ɗakin

Ga masu cewa data ba ta isar su sauraro, ga shirin nan mun rubuto muku shi.

Yau maganar kafet za mu yi, amma ba shi kansa kafet ɗin ba. Abin da ake sawa a ƙarƙashinsa, wanda masu sayarwa ke ce wa andale. Na san wani zai ce, yanzu duk matsalolin ƙasar nan a rasa abin tattaunawa sai wannan? To ku bari in gaya muku dalili.

Gwaggona ta zo mana kwana biyu. Da asuba ta yi alwala, ta fito da ƙafa a jiƙe, ta taka ɗan ƙaramin kafet ɗin da ke bakin ƙofar falo. Ƙasan tayil ne, babu komai tsakaninsa da kafet ɗin. Kawai sai ya tafi da ita. Allah Ya taƙaita, targaɗe ta yi a hannu, amma duk wanda ya ga yadda ta faɗi ya san da ƙugu ta sauka da labarin ya bamban. Karayar ƙugu ga tsoho kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Ni da na sayi kafet ɗin nan don kwalliya, kunya ta hana ni haɗa ido da ita.

Tun ranar na gane kuskurenmu. Muna zaɓen andale ne da kallon kafet, alhali ƙasan ɗakin ne ya kamata ya faɗa mana wanda za mu saya.

Mu fara da tayil, tunda yanzu kusan kowane sabon gida shi ne. Matsalar tayil santsi. Abin da kuke nema a nan shi ne mai riƙo, wato na roba. Idan kafet ɗin ƙarami ne, irin na bakin ƙofa, na gaban gado ko na tsakiyar falo, ku sa siriri, kaurin milimita 3 ya isa. Kada ku sa soso shi kaɗai, don soso taushi yake ƙarawa, ba ya hana zamewa. Akwai kuma mai fuska biyu, sama zare ne da aka danne ya yi tauri, ƙasa roba. Saman yana kama kafet, ƙasan yana kama tayil. In kun same shi, ya fi.

Amma fa a kula da irin robar. Akwai wata mai araha, mai kama da raga, tana ƙyalli, tana warin leda. Zafi irin na watan Afrilu yana sa ta yi danƙo ta manne a ƙasa, ranar da kuka ɗaga kafet sai kun kankare ta da wuƙa. Ku sunsuna kafin ku biya. In warin ya buge ku a shago, a ɗaki rufe ya fi haka.

Na biyu, ledar ɗaki. Nan kuma akasin haka ne, ku guji roba. Idan roba ta daɗe a kan leda tana bar mata tabo rawaya, kuma ba ya fita ko da me kuka wanke. Ku nemi na zare zalla. Masu haya, ku riƙe wannan da kyau.

Na uku, siminti. Shi ba ya santsi, matsalarsa danshi. Ga gwaji mai sauƙi: ku yanko leda, ku shimfiɗa a ƙasan, ku manne gefunanta duka da salatif, ku bar ta kwana ɗaya. In kun ɗaga kun ga raɓa a jikinta, ko wurin ya yi duhu, to ƙasan nan yana fitar da ruwa. Kuka ɗora soso a kai, ya shanye, damina na tsayawa ɗaki zai fara wari, kafet ya yi funfuna. A gyara ƙasan tukuna. Iyayen amare, wannan naku ne. Ana gama zuba siminti, bayan 'yan kwanaki a zo jere, a rufe shi da soso da kafet bai gama bushewa ba. Wata biyu amarya na ta turaren wuta, warin na nan.

Masu ƙananan yara kuma, ku tuna soso yana riƙe ruwa. Yaro ya yi fitsari, kin goge sama, na ƙasa yana nan. Ga wari, ga maganar tsarki in a nan ake salla. Gara kafet da andale da za ki iya ɗagawa ki wanke ki shanya.

Sai kauri. Mutane na ganin mafi kauri shi ne mafi kyau, ba haka ba ne. Babban kafet da kujeru suka danne zai ɗauki milimita 6 zuwa 10. Amma a hanyar wucewa, kauri tuntuɓe yake jawowa. Kuma ku gwada ƙofa, in ba za ta buɗe a kansa ba, kun yi asarar kuɗi.

Wajen yanka, andale ya gaza kafet da kamar santimita 3 ta kowane gefe, don bakin kafet ya kwanta a ƙasa. Kafin ku shimfiɗa, ku share ku goge, ƙasan ya bushe. Roba ba ta kama ƙura, shi ya sa da hunturu sai an riƙa ɗagawa ana sharewa.

Yau in kun koma gida, ku sa ƙafa ku tura kowane kafet. Wanda ya motsa, ku ɗauke shi har sai kun samo masa abin riƙo, musamman in akwai tsoho ko mai juna biyu a gidan.

Ku gaya mana irin ƙasan ɗakinku da abin da kuka sa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.