Zoben Baiko: A Auna Kafin a Biya

Tunda zagayowar shekarar ƙungiyarmu ta tara mu yau, bari mu taɓo maganar da ke yawan tasowa wurin zubin adashi, wato zoben baiko. Yara sun gani a waya, sai ki ji yarinya ta ce ita fa na daiman take so. To, yaron da ke neman ta a nan Dutsi noma yake ko ɗinki, ga lefe na jiransa. Har rance iyaye ke zuwa nema a asusunmu kan wannan.

Mu dai shawararmu, in za a saya, a sayi gwal. Ranar da aka matsu aka kai daiman kasuwa, ba ya dawo da kuɗinsa. Gwal kuwa da giram ake saye, da giram ake sayarwa, ko a Katsina ko a Kano. Ku duba hatimin cikin zoben: 750 karat 18 ke nan, 875 karat 21, 916 karat 22. Amma hatimi ma ana yin na jabu, don haka a tafi da wadda ta san gwal. A ɗora a sikeli a gabanku, a tambayi kuɗin aiki daban, shi ba ya dawowa. Mai duwatsu kuma, ranar sayarwa cire nauyinsu ake yi. A karɓi rasit, a adana.

Sadaki ma kansa, mafi ƙarancinsa a Malikiyya rubu'in dinari ne, gwal giram 1 da ɗan ɗoriya.

Wadda ɗanta ke shirin aure bayan kaka, ta ga ma'aji in an tashi, a duba mata layin kwasa.