Ariel ta zama baƙa, sai aka yi yaya? (Rubutaccen shirinmu na wannan makon)

Ga waɗanda data ba ta bar su sun saurari shirin ba, ga shi a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau maganar finafinai za mu yi. Na san wani zai ce, ana fama da tsadar rayuwa, kai kuma ka zo mana da zancen katun ɗin Turawa? Ku ɗan yi mini haƙuri, ku ji inda na dosa.

A watan Satumba na 2022 kamfanin Disney ya saki ɗan gajeren tallan sabon fim ɗin The Little Mermaid. Labarin wata 'yar ruwa ne, rabi mutum rabi kifi, sunanta Ariel. A katun ɗin 1989 fara ce tas mai jan gashi. A sabon fim ɗin kuwa, wanda mutane na gaske suka fito a ciki, an ba wata mawaƙiya baƙar fata 'yar Amurka, Halle Bailey, wannan matsayi. Ina zaune a gidan yayata ina kallon tallan a waya, sai 'yarta mai shekara bakwai ta leƙo ta kafaɗata. Ta yi shiru har ya ƙare, ta ce in sake sa mata. Da aka kai inda fuskar ta bayyana sai ta ɗora yatsa a kan wayar ta ce, “Kawu, wannan kalata ce.” Yarinyar nan ita ce mafi duhu a ɗakinsu. Ni da kunnena na taɓa jin wata baƙuwa a gidan biki ta dube ta ta ce wa uwar, “Ayya, ba ta ɗauko haskenki ba.” Yarinyar tana tsaye a wurin, ta kuma ji.

To wannan ne ya sa na ɗauki maganar da muhimmanci.

Mu koma baya kaɗan. Tun a watan Yuli na 2019 aka sanar cewa Halle Bailey ce za ta fito a Ariel, lokacin shekarunta 19. Nan take aka buɗe maudu'in #NotMyAriel a Twitter, wato ba ita ce Ariel ɗinsu ba. Da tallan ya fito, zagin ya dawo sabo. A ɗaya ɓangaren kuma iyaye baƙar fata suka riƙa ɗora bidiyon yaransu mata a TikTok, ana nuna yadda fuskarsu ke sauyawa idan sun ga Ariel. Irin abin da na gani a falon yayata ke nan.

Masu suka suna da hujjoji, kuma adalci ne a saurare su. Babbar hujjarsu ita ce asali. Sun ce labarin na Hans Christian Andersen ne, ɗan ƙasar Denmark, ya wallafa shi a 1837, kuma 'yar ruwan da ya siffanta mai shuɗin ido ce. Wannan gaskiya ne. Amma duk wanda ya karanta labarin ya san Disney ta daɗe da yin watsi da asalin. A wajen Andersen yarinyar ba ta ma da suna. Mayyar teku yanke mata harshe ta yi. Yariman wata ya aura, ita kuma jikinta ya narke ya zama kumfar teku. A 1989 Disney ta raɗa mata suna, ta ba ta jan gashi, ta kawo ƙaguwa mai waƙa da harshen mutanen Karibiyan, ta kuma ƙare labarin da ɗaurin aure. Duk wannan bai tayar da ƙura irin wadda muka gani ba. Sai da aka taɓa launin fata sannan kowa ya tuna da Denmark. Kun ga ai abin da suke karewa shi ne katun ɗin da suka taso da shi suna yara.

Kuma ni ban raina wannan ba. Abin da mutum ya kalla yana ƙarami yana da wuri a zuciyarsa. Ni ma akwai finafinan Indiya da idan aka sake yin su da wasu jarumai raina zai sosu. Amma fa tsohon katun ɗin yana nan, ba wanda ya goge shi. Jin zafin an taɓa maka abin yarinta daban, bin yarinya 'yar shekara 19 da zagi saboda fatarta daban.

Akwai kuma masu cewa, to idan aka ɗauki Bature ya fito a matsayin baƙi fa, za ku yarda? Jama'a, ai an yi, kuma an daɗe ana yi. A 1927 fim ɗin The Jazz Singer, wanda ake lissafawa a matsayin wanda ya buɗe zamanin finafinai masu magana, jaruminsa Al Jolson shafa baƙi ya yi a fuska yana waƙa. A West Side Story na 1961, labarin 'yan Puerto Rico a birnin New York, Natalie Wood ce ta fito a Maria, alhali iyayenta daga Rasha suka zo. Rita Moreno, wadda ita 'yar Puerto Rico ce ta gaske, ta sha ba da labarin yadda aka riƙa shafa mata hoda mai duhu fiye da fatarta, saboda masu fim ɗin sun riga sun yanke yadda ɗan Puerto Rico ya kamata ya kasance. A 1946 da aka yi bikin fara nuna Song of the South na Disney a Atlanta, babban jarumin fim ɗin, James Baskett, bai halarta ba, domin a lokacin dokokin wariya ba su barin baƙi su zauna wuri ɗaya da farare a birnin. Ka yi fim, a yi bikinsa ba kai.

Daga Snow White na 1937, sai da aka yi shekara 72 kafin Disney ta zana gimbiya baƙa a katun, wato Tiana a The Princess and the Frog na 2009. Ita ma ɗin, mafi yawan fim ɗin a siffar kwaɗo ta yi shi. Don haka idan aka ce a auna ɓangarorin biyu a sikeli ɗaya, sai a fara duba abin da aka riga aka jibga a ɗaya gefen.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba, wannan salon ba sabo ba ne. A 1978 an yi The Wiz, wato labarin The Wizard of Oz da baƙaƙen 'yan wasa, Diana Ross da Michael Jackson a ciki. Bai mayar da kuɗinsa a sinima ba. A 1997 kuma tashar ABC ta nuna Cinderella, wanda ni a ganina har yau ba a yi kamarsa ba a wannan fanni. Whitney Houston ce aka fara tsara za ta fito a Cinderella, da shekaru suka ja sai ta miƙa wa Brandy, ita kuma ta fito a matsayin aljanar da ke taimakonta, tana kuma cikin furodusoshin fim ɗin. Brandy ta fito da kitsonta. Sarauniya Whoopi Goldberg ce, baƙa. Sarki Victor Garber ne, fari. Ɗansu yarima kuma Paolo Montalban, ɗan asalin Filifin. Fim ɗin bai tsaya yi wa kowa bayanin yadda aka yi haka ba, tunda dai labari ne da kabewa ke zama keken doki. An ƙiyasta mutum kusan miliyan 60 suka kalle shi. A 2014 an sake Annie, labarin yarinyar da ke rayuwa ba iyaye wadda aka sani da jan gashi a fim ɗin 1982, da Quvenzhané Wallis da Jamie Foxx. A West Side Story na 2021 da Steven Spielberg ya yi, Ariana DeBose ta ci Oscar a matsayin Anita, matsayin da Rita Moreno ta ci tata da shi shekara 60 kafin nan.

To yanzu ga inda zan ɓata wa 'yan ɓangarena rai.

Kada mu ɗauka kamfanonin nan tausayinmu suke ji. Kasuwa ce. Tsohon labari ba shi da haɗari, an san waƙoƙinsa, iyayen da suka kalla suna yara za su kai nasu yaran. Aladdin na 2019 ya haura dala biliyan 1. The Little Mermaid ya samu kusan dala miliyan 570. Idan aka sauya fuskar jaruma an ƙara sabbin masu sayen tikiti, rigimar da ta biyo baya kuma talla ce kyauta. Wadda ke kwana da zagin ita ce yarinyar. Halle Bailey ta sha, Rachel Zegler ma ta sha da aka ba ta Snow White na 2025.

Ku duba labarin Mena Massoud, wanda aka haifa a Alƙahira ya taso a Kanada. Shi ne Aladdin a fim ɗin da ya haura biliyan ɗin nan. A ƙarshen 2019 ya fito ya ce tun da fim ɗin ya fito ko sau ɗaya ba a kira shi gwajin wani fim ba. Ku tsaya ku yi tunani. An buƙaci fuskar Balarabe don labarin Larabawa, an samu, an gama, kowa ya kama gabansa. Idan da gaske ƙofa aka buɗe, ai da mun gan shi a matsayin likita ko lauya ko ɗan sanda a manyan finafinai goma bayan nan. Hausawa suka ce kayan aro ba ya rufe katara. Matsayin Ariel aro ne. Mai labarin, mai kuɗin, mai yanke shawarar wa za a ɗauka gobe, duk suna nan yadda suke. Abin da ya sa Cinderella na 1997 ya bambanta, a ganina, shi ne Whitney Houston tana zaune a teburin da ake yanke shawara.

Shi ya sa nake ganin Iwájú ya fi Ariel muhimmanci a gare mu, ko da bai yi rabin ƙararta ba. Katun ne mai kashi 6 da ya fito a Disney+ a 2024, labarin Legas ta nan gaba, kuma kamfanin Kugali na wasu matasa 'yan Najeriya da Uganda ne ya ƙirƙiro shi tare da Disney. A nan labarin ma nasu ne tun daga tushe.

Bari in dawo gida, don kada mu yi ta nuna Amurka da yatsa. Mu da muka taso da finafinan Hausa mun san wankiya: a ɗauko labarin fim ɗin Indiya, a sa masa fuskokin Hausawa da sunayen Hausawa da waƙoƙin Hausa. An soki abin ta fuskar al'ada da rashin ƙirƙira, amma ban taɓa jin wanda ya ce labarin ya lalace don jarumin ba Ba'indiye ba ne. Mu shaida ne cewa labari yana iya sauya fuska ya rayu. To amma mu tambayi kanmu, a finafinanmu da bidiyon waƙoƙinmu, wace irin yarinya ake yawan ba matsayin wadda ake so? Wace iri ake ba 'yar aiki ko 'yar ƙauye? Mu ne fa masu cewa fara ko mayya ce, muna dariya. Man bilicin da ke cike da shaguna ba Disney ce ta kawo mana shi ba. Baƙuwar da ta ce 'yar yayata ba ta ɗauko haske ba, ba ta taɓa jin sunan Ariel ba. Zai zama abin kunya mu yi ta faɗa a intanet don kare Halle Bailey, alhali wadda ta fi ta duhu a unguwarmu ba za ta samu fitowa a jaruma ba.

Saboda haka matsayata ita ce: idan aka zagi yarinya don an ba ta matsayi tana baƙa, ina bayanta, ba na ko tantama. Murnar da na gani a fuskar 'yar yayata ta gaske ce, kuma ba wanda zai ce mini ba komai ba ce. Amma ba zan tafa wa kamfani don ya ara mana rigar da zai karɓe gobe ba. Muna da Daskin-da-Riɗi, muna da Ta-kitse, muna da Gizo da Ƙoƙi, tatsuniyoyi masu waƙa a cikinsu tun asali, kuma muna da matasa masu zane da haɗa katun a kwamfuta da ba su da mai ba su jari. Idan kana da hali, su ne wurin sa kuɗi. Idan ba ka da hali, kalli aikinsu ka tura wa wani. Idan kuma kai mai shirya fim ne kana jin mu, a fim ɗinka na gaba ka duba wa ka ba jaruma, ka tambayi kanka dalili.

Ƙaramin abin da kowa zai iya tun daga yau kuwa shi ne kama baki a gaban yara. Kalmar “ayya” ɗaya a kan fatar yarinya tana iya zama a ranta shekara ashirin.

Ku faɗa mini, wane fim ne kuka fara ganin mai kama da ku a ciki kuna yara, kuma wane matsayi aka ba shi? Zan karanto wasu daga cikin amsoshinku a shiri na gaba.