Sauya Taya Da Awon Iska: Jawabi A Taron Ƙungiya



Mu ba makanikai ba ne, 'yan kasuwa ne. Amma wanda dukiyarsa ke bin hanyar Gella da ta Sahuda a bayan mota, dole ya san abin da ke ɗauke da ita. Bara akori-kurarmu ta taso daga Gella da masara, tayar baya ta fashe a gangare. Allah Ya tsare rai, amma yaron mota ya yi wata biyu a kwance. Da muka bincika, laifin namu ne. Mun cire tayoyin lodi saboda tsada, muka sa na ƙaramar mota a wani rim ɗin, aka ɗura musu iska yadda aka saba.

To jama'a, iska ce ke ɗaukar kaya, roba riƙe ta kawai take yi. Awon da kamfani ya liƙa a jikin ƙofar direba na tayar da motar ta zo da ita ne. Ranar da ka sauya girma, wannan lissafi ya tashi.

A duba gefen taya, bayan lambar girma akwai wata lamba. Idan an ga 86, taya ɗaya kilo 530 take ɗauka, shi ma sai iskarta ta kai wajen 36 a geji. Irin ta lodi, 195R14C mai lamba 106, tana ɗaukar kilo 950, amma fa sai an kai ta 65. Ka sa mata 35 irin na ƙaramar mota, ka rage mata ƙarfi, gefenta ya riƙa lanƙwasa yana ɗaukar zafi har ta buɗe. Ita kuma mai 86, ko ka ɗura mata 60 ba za ta zama ta lodi ba, ka wuce iyakar da aka rubuta a jikinta ne kawai. Guda biyu a baya kilo 1,060 ke nan, har da nauyin motar kanta. Buhu nawa ya rage? Kowa ya lissafa.

Samarinmu masu sa manyan rim don ado, su ma abin ya shafe su. Tayar ta zama siririya, iskar cikinta kaɗan ce, sau da yawa tana son ƙari a kan awon da. In ba haka ba, rami ɗaya a hanyar Hong ya isa ya lanƙwasa rim. Kuma kada lambar nauyin sabuwa ta gaza ta tsohuwa.

Sai lokacin awo. Da safe ake yi, kafin mota ta yi tafiya. Taya in ta yi zafi awonta kan hau da kamar 4, balle a zafin Maris da Afrilu. Direbobi su daina tsayawa a hanya suna sace iska wai kada ta fashe. In ta huce sai ta koma ƙasa da yadda ake so.

Ba mu raina masu faci ba, maƙwabtanmu ne. Amma wani gejinsa ya gaji, wani kuma da dukan ƙarfe yake awo. Shawararmu, ƙungiya ta sayi geji biyu masu kyau a ajiye wurin ma'aji, duk wanda ya sauya taya ya zo a karanta lambar tare kafin ya yi lodi.