Jawabi Ga Manoman Kamarawa: Mai Tabon Ƙuna Da Aikin Rana



Maganar yau a kan mutanen da suka taɓa ƙonewa ce. Wani kaskon garwashi ne ya ƙona shi lokacin hunturu. Wani fetur ne da aka ajiye a ɗaki. Wata kuma ruwan wankan jego ne. Allah ya ba su sauƙi, sun koma gona. Amma akwai abin lura.

Zafin jikin mai lafiya awo 37 ne. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana a ƙasar Isa da Sabon Birni yakan wuce awo 40. Zufa ce ke sanyaya jiki, kamar yadda randa ke tsatsafo ruwan cikinta ya yi sanyi.

Fatar da ta ƙone da zurfi ba ta zufa. Haka ma fatar da likita ya dasa. Saboda haka zafi yakan taru a jikin mai babban tabo. Tafin hannun mutum da yatsunsa kusan kashi 1 ne cikin 100 na fatarsa. Wanda tabonsa ya kai tafi 40 ya fi kowa shiga hatsari.

Ga abin da ya kamata ya yi:

1. Ya yi sharar gona bayan sallar asuba ko bayan la'asar.
2. Ya riƙa hutawa a inuwa tun kafin ya gaji.
3. Ya tafi da gorar ruwa, ya riƙa sha a kai a kai.
4. Ya jiƙa rigarsa, ya yi fifita. Ruwan zai yi masa aikin zufa.
5. Ya sa malafa da farar riga mai yalwa.
6. Ya fara da ɗan aiki, yana ƙarawa har mako 2. Sannu ba ta hana zuwa.

In ya ji jiri, ko ciwon kai, ko tashin zuciya, ya ajiye fartanya nan take. In ya ruɗe ko ya suma, a kai shi inuwa. A kwara masa ruwa a jiki, a yi masa fifita. Kada a ɗura masa ruwa a baki. A garzaya da shi Babban Asibitin Isa.

Maigida kada ya ce masa rago don ya huta. Tabon ne ya hana shi zufa.

Allah ya kare mu daga gobara, ya ba mu damina mai albarka. Amin.